Bindigar Bahago

Ranar Juma'ar nan da muka taru a gidan ɗan'uwanku Adil a unguwar Safa, kun ga na tsame hannuna daga farantin shinkafa na tashi ban ƙoshi ba, kuka bi ni da kallo kuna zungurin juna, wai tsufa ya fara taɓa Baba. Lafiyata ƙalau. Jikata Amal ce ta gama cin nata ta koma gefe za ta zana mini jirgin ruwa, ta ɗauki fensir da hagu, uwarta Samira ta make mata bayan hannu ba tare da ta ko katse hirar da take yi ba. Ban ga laifin Samira ba, haka aka yi mata, haka aka yi wa wadda ta haife ta. Amma ƙarar dukan nan ta kai ni wani wuri mai nisa, kuma da na buɗe baki a lokacin faɗa zan yi, shi ya sa na fita baranda. Yanzu da na huce zan rubuta muku. Zan kuma gyara wani labari da kuke yawo da shi tun kuna yara, wai kakana Tanko ya ɗaura mini laya a damtse shi ya sa ban taɓa kuskuren barewa ba. Na kuskure barewa sau ba adadi, kuma babu wata laya.

A unguwar Karantina ta Jidda aka haife ni, a gidan katako da langa-langa, mai tsakar gida wadda tabarma biyu ke cikawa. Kuma bahago aka haife ni. Ummi ta ce tun ina rarrafe da hagu nake kai wa komai cafka. Da na fara cin tuwo da kaina, mahaifina, wanda muke kira Abuya kamar sauran yaran Jidda, ya sa aka riƙa ɗaure mini hannun a ƙugu da tsohon ɗankwali daga safe har la'asar, wata da watanni. Ya kuwa ci nasara. Da dama na tashi ina ci, da dama nake rubutu, da dama nake gaisawa, har ni kaina na manta an taɓa yin wani yaƙi a jikina. Sai dai hannun daman nan bai taɓa zama nawa ba, kullum kamar na aro. In an aike ni da miya sai rabi ta isa. In na ɗauko garwar ruwa daga bakin titi sai kajin unguwa su biyo ni suna sha. Yara suka laƙa mini Mai-ɓari, sunan ya bi ni har manya suka manta Haruna. An kai ni wurin wani tela, na ɗinke aljihun riga ruf babu ƙofa. An kai ni wurin kafinta, na sauke guduma a babban yatsan maigidan, ya rako ni har gida da yatsa a naɗe, ya nuna wa Abuya. Abin da na iya ɗaya ne, buɗe abu in ga cikinsa. Agogo, fitila, kwaɗo, duk na buɗe, mayarwa ce dai ba na iyawa.

Abuya direba ne a gidan wani attajiri mai shigo da shinkafa, muna kiransa Sidi. Abuya mutum ne mai tsabta har ta yi yawa, farar rigarsa ba ta kwana da ɗigon mai, maganarsa kuma kaɗan ce. Mahaifinsa, Kaka Tanko, shi ne akasinsa. Maharbi ne ɗan maharba daga ƙasar Zamfara, da ƙafa ya taso aikin Hajji yana saurayi, ya yi shekaru a hanya yana ciyar da ayarinsu da naman barewa, a Sudan ya yi aure aka haifi Abuya. Da za su tsallako teku aka ce ba a shiga jirgi da bindiga, ya bar ta a can, ya iso Jidda da ƙahon albarushinsa kawai, babu ko ƙwaya a ciki. Saboda haka duk Karantina ana ce masa Maharbi amma babu wanda ya taɓa ganin ya harbi ko ƙadangare. A shekarar da nake ba ku labari yanar ido ta rufe masa gani, haske da duhu kaɗai yake bambancewa. Ni ne sandarsa zuwa masallaci, kuma abokin tsokanarsa. Yakan ce in jika irina zai gaje shi, gara ya bar wa akuya gadon.

Shekarar ce azumi ya faɗo cikin sanyi, wajen ƙarshen shekarun sittin, ina da kamar sha biyar. Kawu Bashir, yayan Ummi, ya zo daga Maiwurno ta Sudan zai yi Umara ya zauna har bayan Hajji. Manomin auduga ne, mai faɗin ƙirji da faɗin murya. Bai yi mako ba ya ga irin ɓarin da nake yi, ya kuma ga yadda Abuya ke kau da kai in na shigo da tiren shayi. Wata ranar bayan sallar la'asar na ji su suna magana a tsakar gida, ba su ko rage murya ba.

"Ba ni shi, Idrisu," in ji Kawu. "Gona ba ta fashewa. Ko ya yar da fartanya sau ɗari ya sunkuya ya ɗauka."

"Halas, shi ke nan," Abuya ya ce. "In jirginku zai tashi bayan Hajji, ka tafi da shi."

Ummi tana bakin murhu, na ga ludayi ya tsaya a hannunta. Ban taɓa kwana nesa da ita ba, kuma duk yaron unguwarmu da aka tsallaka da shi teku sai dai mu ji an yi masa aure a can. Kaka yana kishingiɗe kamar mai barci, sai ga muryarsa.

"An gwada shi da allura, an gwada shi da guduma. An gwada shi da sana'ar gidansu?"

Abuya ya ce wace sana'a, Kaka ya ce harbi mana. Kawu ya fashe da dariya har da tari. Amma Kaka ya san abin da yake yi. Ya ji Abuya yana faɗin cewa Sidi na neman yaro mai ido da zai riƙa bin su farautar barewa a dajin kudu in sanyi ya shigo, ya kuma riƙa tsare masa gona daga karnukan daji. Kaka ya ce a ba shi ni zuwa tashin jirgi. In na kawo barewa da hannuna, a kai ni wurin Sidi. In ban kawo ba, shi da kansa zai raka ni bakin ruwa. Abuya ba ya musu da mahaifinsa a gaban baƙo, sai ya ce tayyib, wato to, a ransa kuwa ya riga ya gama ɗaure mini kaya.

Daga nan gidanmu ya koma majalisar bindiga. Sai ka rantse kowa a gidan da ita aka haife shi. Abuya ya ce in dai za a yi, a yi da ta maza, irin wadda Sidi ke riƙewa, wadda Larabawa ke kira ummu hamsa saboda harsashi biyar take ci. Kawu ya ce ina, yaron da bai iya saita miya a kwano ba, a ba shi shozan, mai watsa ƙananan dalma kamar an watsa gero, ko ya rufe ido wani abu zai samu. Ummi ta leƙo ta ce ita dai a ba ni 'yar ƙaramar nan ta harbin tsuntsu, wadda ba ta da ƙara. Bayan Sallah Abuya ya aro duka ukun daga gidan Sidi, ya jera harsasansu a kan tabarma. Ni dai ban ga barewa a cikin maganar ba, harsasan suka tafi da hankalina. Na ummu hamsa ya kai tsawon yatsana na tsakiya, tagulla mai wuya kamar kwalba. Na shozan gajere mai kauri, jikinsa kwali ja. Na ƙaramar kuwa bai fi ƙwallon dabino ba. Na faki ido na yanka na kwalin da reza, na zazzage dalma da baƙin gari a tafin hannu, ina mamakin yadda wannan ɗan gari mara nauyi zai kai mutuwa inda ƙafa ba ta kai ba. Na kai wa Kaka, ya shinshina, ya ɗanɗana da harshe, ya ce na zamani ba shi da ɗaci kamar nasu. Sannan ya sa aka miƙa masa harsasan ɗaya bayan ɗaya yana juya su a yatsu.

"Wannan ƙaramin mugu ne," ya ce. "Zai shiga cikin barewa bai kashe ta ba. Ta tafi da shi ta kwana a daji ta mutu inda ba ka gani ba. Ka zalunce ta, kuma mu a wurinmu naman da ya kwana haka ba a ci, ya zama na kuraye. Na Bashir kuma sai ka matso har ka ji warin dabba, barewar fili kuwa ba ta yarda da haka. In ma ka samu, ka yi ta tofar da dalma kana cin nama."

"To saura nawa ke nan, Baba," in ji Abuya.

"Naka yana kashe barewa. Ina tsoron kada ya fara kashe zuciyar yaron. Bindigar farko ba dabba ake zaɓa wa ita ba, kafaɗa ake zaɓa wa. Wadda ta tsorata yaro ranar farko, har ya tsufa zai riƙa runtse ido kafin ta tashi."

Wata safiya muka fita a motar Sidi zuwa filin gishirin da ke kudu da gari, inda babu gida babu raƙumi. Kawu ya kafa tsohuwar garwar kananzir a kan tudu. Abuya ya ɗora mini ummu hamsa a kafaɗar dama, ya ce in kwantar da kunci, in rufe idon hagu, in daidaita ƙusar bakin da garwar. A nan na gano wani abu da ban taɓa lura da shi ba, ashe ban iya rufe idon hagu shi kaɗai ba. In na matsa sai duka biyun su rufe. Kunya ta hana ni faɗa. Na bar su a buɗe, na yi ta miƙa wuya ina tsallake gindin bindigar da fuska har sai da na ga ƙusar sosai, na ja kunama. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Kunnena yana kuka, bakina gishiri-gishiri, garwa kuwa tana nan a zaune lafiya lau, ƙura ta tashi can gefe guda. Aka ba ni shozan, ta ƙara mini wani naushin. Aka ba ni ƙaramar da ba ta shuri ko kaɗan, na yi ta harbi har rana ta yi zafi, duk a gefe guda suke faɗawa kamar sun haɗa baki. Kawu ya ce garwar nan ta fi kowa kwanciyar hankali a ƙasar Hijaz. Abuya ya karɓi ƙaramar daga hannuna. Ya goge bindigogin, ya naɗe su a bargo, muka dawo gida. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma fara jin warin jirgin ruwa a hancina.

Washegari ina jan Kaka daga sallar asuba, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in kawo kafaɗar ya ji irin aikin da ta sha. Ya lalluba, ya danna, ban ce wash ba sosai. Ya ce a'a, to ina ta buge ka? Na kama hannunsa na kai leɓena da ya kumbura da gefen hancina. Ya daɗe yana shafawa.

"Kai, ɗan nema, da baki kake riƙe bindiga?"

"Leƙawa nake yi, Kaka. In ban tsallaka ba ba na ganin ƙusar."

Sai ya ce in shiga in ɗauko masa ƙahon albarushi. Ya cire murfin gindin da toshiyar bakin, ya zama kamar bututu, ya miƙo mini. Ya ce in riƙe da hannu biyu, in leƙa ta ciki in nemo masa hasumiyar masallaci. Na ɗaga na leƙa na ce ga ta. Ya ce kada in motsa. Ya kawo tafinsa ya shafa fuskata, ya tarar da ƙahon a manne da idona na hagu. Ya ce in sauke in sake. Na sake, nan ya koma. Sai tsohon nan ya kama dariya har ya dafa bango, hawaye na bin gemunsa.

"Sun ɗaure hannu sun manta da ido!" yake ta faɗa. "Shekara goma sha suna tsare ƙofa, ɓarawo yana zaune a taga."

Ni dai na tsaya da ƙaho a hannu ina rufe ido ɗaya da tafi ina buɗewa, ina kallon hasumiya tana tsalle gefe tana dawowa. Ashe idanu biyun nan ba daidai suke ba, akwai mai jan gaba akwai mai bi. Ban taɓa jin wani ya faɗa ba. Na yini ina gwada yaran unguwa da ƙahon, kowa na kai shi dama, sai wata yarinya mai tallan gyaɗa da ni.

Da Abuya ya dawo cin abincin rana Kaka ya gaya masa, ya ce magani ɗaya ne, a mayar da bindiga kafaɗar hagu, hannun hagu ya ja kunama. Fuskar Abuya ta canza.

"Aib, ya Baba. Ya ce bisimilla ya harba da hannun tsarki? Sannan a kawo mini naman in ci?"

"Yanka ake yi da dama. Harbi da ido ake yi. Mafi iya harbin da na sani a ayarinmu bahago ne, malamai uku suna cin namansa har Sawakin."

"Can daji ne. Nan Jidda ce." Abuya ya ajiye cokali, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba ya fito. "Kai ba ka shiga gidajensu, Baba, ni nake shiga. Ɗan Balarabe ya miƙa kofi da hagu, a ce yaro ne. Nawa ya miƙa, a ce Takari ne, haka suke, ba su da tarbiyya. Ina tsaye zan ji, kuma ba ni da bakin ramawa. Ka ɗauka don mugunta na ɗaure shi? Don kada a yi masa kallon da aka yi mini ne."

Ranar na fara gane cewa tsoro ne a cikin farar rigar nan, ba ƙiyayya ba, kuma tausayinsa ya kama ni duk da ni aka ɗaure. Ummi ce ta amsa masa. Mace ce da ba ta sa baki in maza na magana, amma ta fito ta durƙusa gefen tabarma.

"Abu Haruna, ka yi haƙuri in faɗi. Duk zaren da ke cikin alluraina shi ke zura mini, da hagu, in ka fita. Bai taɓa kuskure ba. Ni ba zan kai ɗana bakin jirgi saboda hannun da Allah ya ba shi ba."

Abuya ya tashi ya wanke hannu ya fita. Kwanaki ya yi ba ya shiga maganar. Alhazai suka fara cika gari, Kawu ya fara sayen tsarabar komawa, har ya sayo mini takalmin roba na shiga gona. Sai wata Alhamis Abuya ya tsaya a ƙofa da makullin mota a hannu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yalla, ɗauko kakanka."

Kasuwar Badawa ya kai mu, wajen Bab Makka, shagon wani tsoho mai gyaran bindigogi, da takardar izini da sunan Sidi a aljihunsa. A nan na ga dalilin da ummu hamsa ba za ta yi mini ba ko da ba ta shuri. Mariƙin da ake ja a sa harsashi a gefen dama yake, in na ɗora ta a hagu sai na tsallaka hannu ta kan bindiga, kwanson kuma ya fito ta gaban hancina. Kusan duk na shagon haka suke, an ƙera su ne don mutanen dama, kamar almakashin telan da ya kore ni. Kaka ya ce a kawo masa wadda ba ta da gefe. Mai shago ya yi ɗan tunani, ya shiga ciki ya fito da wata siririya mai ci ɗaya, wadda ake karyawa a tsakiya a zura harsashi a mayar. Babu mariƙi dama, babu hagu. Harsashinta tsaka-tsaki ne, bai kai na Abuya ba ya kuma fi na Ummi nesa ba kusa ba. Kaka ya auna shi a tafi ya ce wannan zai kwantar da barewa in an sa shi bayan kafaɗa, ba zai kwantar da yaro ba. Abuya ya ce harsashi ɗaya tak? Kaka ya ce wanda ya san ɗaya gare shi ba ya harbin banza. Aka ɗora mini ita, gindin ya yi mini tsawo, mai shago ya yanke kamar faɗin yatsa biyu. Da na mayar da ita kafaɗar hagu, kuncina ya kwanta da kansa, ƙusa ta zo gaban idona ba tare da na neme ta ba. Wani irin daɗi ya ratsa ni, irin na wanda ya daɗe da takalmi a juye aka gyara masa. Mai shago ya dubi Abuya ya ce, "A'asar?" wato bahago. Abuya ya dubi titi ya ce, "Aiwa," wato e.

Garwar nan ta filin gishiri ba ta ƙara samun kwanciyar hankali ba. Kawu ya ɗaga ta yana leƙen rana ta hujojin, ya ce an cuce shi, ya yi asarar takalmi. Amma garwa ba barewa ba ce, kuma alkawari barewa aka ce. Fita biyu muka yi muka dawo hannu rabbana. Ta farko ban ga komai ba sai sawu. Ta biyu na gan su, na yi gaggawa na harba tun ban matsa ba, suka tashi kamar iska. Aka yi Arfa, aka yi layya, jirgin su Kawu ya kusa.

Fita ta uku da sassafe ce, a wani kwari mai ƙayoyi can kudu. Mutanen Sidi da mota suke korar barewa har ta gaji, amma Kaka ya ce wannan ba harbi ba ne, kamun kaza ne, jikansa da ƙafa zai je. Ya zauna a inuwar mota ya ɗebi ƙasa ya sake ta, ya tambaye ni ina ta nufa, ya ce to in sa iska a fuskata kada in bar ta a ƙeya. Ya ce in na ga mai ɗa ko mai ciki in sauke bindiga ko da jirgi gobe zai tashi. Na tafi ina rarrafe, Abuya na bina a baya da wuƙa, farar rigarsa tana shan ƙasa. Muka hango su guda huɗu suna tsinkar ganyen ƙaya. Akwai namiji a gefe, mai ƙaho baƙi. Na daɗe ina kallonsa, yadda kunnensa ke juyawa shi kaɗai, yadda fatar cikinsa ke rawa in ƙuda ya sauka, har na kusa manta abin da ya kawo ni. Sai na ji numfashin Abuya a bayana. Na kwantar da kunci, na ce bisimilla, na ja. Ya yi tsalle ɗaya ya faɗi a inda yake. Abuya ya ruga, mutumin da ban taɓa ganin yana gudu ba, ya same shi da sauran rai ya yanka. Da na iso na ga idon dabbar a buɗe, sai murna da baƙin ciki suka haɗu mini wuri guda.

Kaka ya shafa ƙahon, ya lalubo inda harsashi ya shiga, ya sa yatsa a ciki, ya ce akuya ta yi asarar gado. Sannan ya gaya mana al'adar gidansu. Naman farko maharbi ba ya ci. Rabawa yake yi da hannunsa, hanta kuma ta uba ce, a gasa ta a wurin tun da ɗuminta. Muka hura wuta da busasshiyar ƙaya. Na gasa hantar a kan tsinke, na yanko, na ɗauka da dama kamar yadda aka koya mini, na nufi Abuya. Shi ne dai ya ce ba zai ci ba, kuma in bai ci ba, barewa ko goma na kashe magana ba ta ƙare ba. Hannun aron nan kuwa ya fara halinsa, hanta tana zamewa za ta faɗi a ƙasa. Abuya ya dubi hannun, ya dubi ɗayan da na ɓoye a baya.

"Da wanne ka harbe ta?"

"Da hagu, Abuya."

"To shi ya yi aikin. Miƙo da shi." Na tsaya ina kallonsa. Ya miƙo tafinsa biyu ya ce, "Yau kaɗai."

Ya karɓa ya ci, ya tauna a hankali yana kallon wani wuri can, ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Jirgi ya tashi da Kawu da takalminsa. Kaka bai ga sanyi na gaba ba, ya tafi bai taɓa ganin harbina da ido ba, da yatsa kawai ya gani. Harbin ma bai daɗe ba, masu kora da mota suka ƙarar da bareyin dajin nan cikin 'yan shekaru, har mu da muka je da ƙafa ba zan ce ba mu da hannu a ciki ba. Na mayar da bindiga gidan Sidi na koma garejinsa, inda aka bar ni na riƙe sifana da hannun da nake so, sai ga shi abin da na buɗe ina iya mayarwa. Da wannan garejin na ciyar da ku. An kuma yi mini kallon da Abuya ya ji tsoro, ba sau ɗaya ba, na ji kalmar Takarin nan da kunnena, ban mutu ba.

Saboda haka, Adil, ka gaya wa Samira da lallashi. Ku koya wa Amal ci da dama, da gaisuwa da dama, da miƙa wa manya abu da dama, wannan addini ne da ladabi, ni ma har gobe haka nake yi. Fensir kuwa ku bar mata.

Ku ba ku san Abuya ba sai a hoto. A ciwonsa na ƙarshe hannunsa ya daina riƙe reza, kuma bai yarda wanzami ya taɓa shi ba. Duk Juma'a ni yake kira. In na ɗauki reza da dama don girmamawa sai ya kama wuyan hannuna ya ture, ya ce so nake in yanka shi? In mayar hagu. Ya ɗaga haɓa ya rufe ido, ya miƙa mini maƙogwaronsa. Shekara biyu muna haka, kuma babu Juma'ar da bai ce mini ba, "Yau kaɗai."